Muryar da Ta Ɗaure Tanko

Idan kana da dikoda a gida, kuma kana cikin masu tsayawa a tasharmu, to ka san muryar Baba Sharhabilu ko da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Shi ne ke shigowa duk lokacin da aka tafi hutun talla, ya gaya maka katifar wane ba ta lotsawa, ko ƙofar ƙarfen wane ba ta tsatsa, da wata murya mai nauyi wadda ba ta gaggawa, ba ta kuma roƙonka ka saya. Sunan tashar Zauren Shari'a. Ofishinmu yana Doka, a nan Kaduna, a saman wani bene, ƙasanmu masu sayar da taya ne. Aikinmu ɗaya ne tun safe har yamma, shari'a. Wakilanmu su je kotu su rubuto abin da aka yi, tunda ba a barin kyamara ta shiga, sai ma'aikata su zauna su karanta shi daki-daki, wannan ya zama lauya, wancan ya zama shaida. Muna nuna zaman sulhu idan masu rigimar sun yarda, muna kuma juya shari'o'in ƙasashen waje zuwa Hausa. Ni ce ke kula da sashen talla, sunana Nafisatu, kuma a shekara huɗun da na yi a kan kujerar nan babu wanda ya sa ni ciwon kai kamar wannan tsoho.

Abin da ya fara ɗaure mini kai da na kama aiki shi ne irin mutanen da ke kawo mana talla. Na zaci lauyoyi ne za su cika mana ofis, ashe ƙa'idar aikinsu ba ta bar su su tallata kansu kamar masu yaji ba. Masu zuwa su ne masu kwaɗo da sakata, masu walda, masu awon fili, masu kyamarar tsaro. Mutum ya gama jin yadda aka fasa shagon wani, zuciyarsa ba ta ko kwanta ba, sai mu nuna masa wani kwaɗo mai kama da dutsen guga. Masu kallon namu kuwa yawanci teloli ne da masu aski da matan gida, wato mutanen da hannunsu ke aiki kunnensu yana zaune banza. Su ne suka riƙe tashar, su ne kuma suka riƙe Baba Sharhabilu.

Shi Baba ɗan Unguwar Kanawa ne, can aka haife shi, ko da yake yanzu a Badarawa yake zaune da matarsa Inna Kulu. Mahaifinsa masinja ne a wata ma'aikata, ya ƙi jinin a yi Turanci a gabansa bai gane ba, saboda haka ya tura ɗansa makaranta da zafin zuciya. Ɗan ya fito ya zama tafinta a kotun majistare, ya yi shekara talatin da ɗaya yana tsaye tsakanin alƙali da mutanen da ba sa jin Turanci. Ban san yadda aikin yake ba sai ranar da ya zauna ya warware mini, yana ɓare gyaɗa a kan teburina kamar nasa.

"Tafinta ba ya cewa alƙali ya ce kaza," in ji shi. "Idan mai shari'a ya faɗi tasa da Turanci, ni cewa nake, na same ka da laifi. Idan ɓarawo ya musa, in juya wajen alƙali in ce, ban ɗauka ba. Kin ga a yini ɗaya sai in yi sata sau uku, in rantse sau goma, in ɗaure mutum biyar, in koma gida Kulu ta zuba mini tuwo."

Bayan ya yi ritaya ne aka ɗauke shi a tasharmu, don ya riƙa zama muryar alƙalan ƙasashen waje. Rannan mai karanta mana talla bai zo ba, aka miƙa masa takardar wani mai kwaɗo ya karanta don kawai a cike gurbi. Sati bai zagayo ba mai kwaɗon ya hau benen nan yana haki, ya ce kayansa sun ƙare, kuma daga yau tsohon nan yake so, ba ya son kowa. Manaja ya yi murna. Bai san abin da ya jawo mana ba.

Domin Baba ya zo da sharaɗi. Ya ce a kotu ya faɗi ƙarya iri-iri da bakinsa, amma kullum mai ƙaryar yana tsaye a gefensa, kowa yana ganinsa, alhakin nasa ne. A talla kuwa babu kowa a gefensa, mai sauraro shi kaɗai yake ji. Saboda haka ba zai karanta abin da bai gwada ba. Yana da wani jan biro a aljihun gaba, ni dai na tsani biron nan. Mai kaya ya rubuto cewa nasa ne lamba ɗaya a Arewa, Baba ya ja layi a kai ya ce, wa ya jera su ya duba? Mai katifa sai da ya kai guda Badarawa, Baba ya yi sati biyu yana kwana a kai. Mai fenti ya ce nasa ba ya jin ruwa, Baba ya shafa a katangar gidansa tun watan Afrilu, ya ce a jira ruwan Agusta. Yanzu haka katangar kala huɗu ce, in kana neman gidan ba sai ka yi tambaya ba. Wani ya zo da maganin da ya ce yana warkar da cuta arba'in, Baba ya tambaye shi cikin ladabi wacce zai fara kamuwa da ita. Mutumin bai dawo ba, ni kuwa na sha faɗan manaja. Inna Kulu ta taɓa ce mini ita ba ta san ko miji take aure ko hukumar duba ingancin kaya ba.

Wata Litinin bayan azahar wani mutum ya shigo ofishina. Zai yi shekara hamsin, siriri, farcensa baƙi ƙirin da mai, amma rigarsa a goge. Ya ce sunansa Tanko, gyaran keken ɗinki yake yi a Unguwar Kanawa. Ya ciro wata takarda da aka ninke har ta yi laushi. Layi uku ne kawai: Tanko Mai Keke, Unguwar Kanawa. Gyaran keken ɗinki kowane iri. Mutum ne mai riƙon amana.

Na ce ya yi dabara, don rabin telolin garin nan mu suke kallo. Na ba shi shawara ya ɗauki muryar wani matashi da muke da shi, a sa masa kiɗa, kafin Juma'a an fara sawa.

"A'a, Hajiya," ya ce. "Tsohon nan nake so."

"Malam Tanko, tsohon nan zai iya riƙe ka wata uku."

"Ko shekara ce zan jira." Ya juya hularsa a hannu, sannan ya ɗago. "Har yanzu yana gyaran murya sau biyu kafin ya fara magana?"

Na ajiye birona. Baba yana yin haka, ƙasa-ƙasa, sau biyu cif, amma Bala mai haɗa mana sauti yana yankewa kafin a sa a iska. Babu mai kallon da ya taɓa ji. Na tambaye shi inda ya sani, ya ce in ba damuwa ya fi so ya faɗa a gaban mai muryar. Kwana ukun nan na yi su ne ina saƙe-saƙe. Na ce ko ɗan'uwa ne da aka yi ɓatacciya, na ce ko tsohon maƙwabci ne. Na nuna wa Baba takardar ran Talata, ya ce Tanko nawa ne a Kaduna.

Ran Alhamis suka haɗu a ofishina. Tanko yana zaune a kan benci, Baba ya yi sallama daga bakin ƙofa. Ban taɓa ganin mutum ya miƙe da irin wannan saurin ba. Ya tsaya ƙyam, hannuwansa suka koma bayansa da kansu, ya sunkuyar da kai. Sai da Baba ya ce masa zauna sau biyu.

Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce shekara goma sha bakwai da suka wuce wani maƙwabcinsa manomin rani ya ba shi ajiyar injin ban-ruwa guda biyu zai yi tafiya, shi kuwa ya sayar da su. Aka kai shi kotu, bai musa ba. A gidan yari ya koyi gyaran keke.

"Alƙalin ban ji abin da ya ce ba, Malam, Turanci ne. Ko fuskarsa na manta. Kai na ji. Ka yi gyaran murya sau biyu, ka dube ni, ka ce, Tanko, na same ka da laifin cin amana, na ɗaure ka shekara huɗu." Ya ɗago kai. "Shekara huɗun sun ƙare tuntuni. Maganar ce ba ta ƙare ba. Duk wanda ya miƙo mini kekensa, kafin in karɓa sai na ji ta. Kwanaki ina gyara a shagon wata tela a Badarawa, talabijin yana kunne, sai ga muryarka tana tallar katifa. Wallahi ban san lokacin da na yar da sukundireba na miƙe tsaye ba. Yaran shagon suka yi ta dariya."

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Ban tuna ka ba," ya ce. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Kuma ka san maganar nan ba tawa ba ce, ta mai shari'a ce."

"Na sani, Malam. Kaina ya sani. Kunnena ne bai sani ba. Ni dai bakin da ya faɗi waccan nake so ya faɗi wannan. Iyakar buƙatata ke nan."

Ni dai idona ya riga ya cika. Ina jira in ga tsohon ya ce a kunna na'ura yanzu-yanzu. Sai na ga hannunsa ya tafi aljihun gaba. Ya ciro jan biron nan, ya ja layi a ƙarƙashin jimlar ƙarshe, ya ce layi biyun farko zai karanta ko yau, amma wannan sai ya gani. Tanko ya ce ya yarda, ya yi godiya, ya sauka.

Ƙafarsa ba ta gama sauka daga benen ba na juya kan Baba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan, kuma ban yi nadama ba.

"Haba Baba! Wannan fa ba katifa ba ne, mutum ne. Kalma biyar kawai! Me za su rage ka da shi?"

"Shi ya sa, Nafisatu," ya ce, ko a jikinsa. "Mutumin da ya riƙe gyaran muryata shekara goma sha bakwai, kina jin idan na faɗa don tausayi ba zai gane ba? Zai gane. Daga nan kuma ba shi da sauran wurin zuwa."

Haushin dai bai tafi ba. Amma wani abu ya fi haushin ƙarfi. Fenti ana jiran ruwa, katifa ana kwanciya a kai. Amana fa, ta ina ake gwada ta? Na ce duk inda za shi ƙafata ƙafarsa.

Na zaci zai ɗauki keken Inna Kulu ya kai a matsayin tarko. Da na kawo shawarar, Inna ta ce ta haƙura da katanga, ta haƙura da katifu a tsakar gida, amma wanda ya taɓa mata keke zai ga abin da bai taɓa gani ba. Baba ma ya ce tarko ba shaida ba ne, ai mutumin ya san keken wa aka kawo masa. Hanyar kotu ya bi. Asabar uku muka yi muna hawa Napep, daga Badarawa zuwa Unguwar Kanawa zuwa Kawo, shago-shago, yana yi wa teloli tambayoyi iri ɗaya yana rubutawa a wani ƙaramin littafi. Wasu suna jin muryarsa sai su saki baki, su ce ashe kai ne, su aika a sayo masa lemo. Ba ya sha sai ya gama tambaya.

A Badarawa muka sami Hasana, telar da a shagonta Tanko ya yar da sukundireba. Mace ce mai baki, tana da kekuna biyar. Ta ja mu ta nuna mana ƙafar kowane keke, ga 'yar leda a ɗaure. Ta kwance guda ta zazzage a tafin hannunta: karyayyar allura, tsohon kwarkwaro, wani ɗan ƙarfe da ya cinye.

"Duk abin da ya cire sai ya ƙulle maka abinka," in ji ta. "Na ce, Malam Tanko, zubar mana, me zan yi da shara? Ya ce ba nasa ba ne da zai zubar. Ga shi nan na zama mai tara tarkace."

Wani a Kawo ya ce mutumin yana da nawa da taurin kai, ba ya buɗe keke sai mai shi yana tsaye. Wani dattijo kuma ya rage murya ya ce shi fa ya san inda Tanko ya taɓa zama, aikinsa yana da kyau, amma kekensa ba ya kwana a hannunsa. Na harare shi. Baba ya rubuta tasa kamar yadda ya rubuta ta Hasana, har ya sa shi ya maimaita.

A hanyar dawowa na ce to ai shaidu sun isa. Ya girgiza kai. Ya ce duk abin da muka ji yana iya zama gaskiya, yana iya zama tsoro, domin mutumin da ya san ana sa masa ido dole ya yi taka-tsantsan. Shi abin da yake nema shi ne yadda Tanko ke yi da kayan wanda ba ya nan, wanda ba zai zo ya duba ba. Na ce wannan kuma sai dai mu shiga zuciyarsa. A raina na fara shirya yadda zan gaya wa Tanko ya haƙura da layi biyu, kuma tunanin ya hana ni sakewa.

Asabar ta huɗu muka je shagon nasa ba tare da sanarwa ba. Ɗan ƙaramin wuri ne kusa da wani mai niƙa, idan injin ya tashi sai kun yi ihu za ku ji juna. Kawunan keke a jere a kan katako, kowanne da takardar suna a maƙale. Tanko ya rasa inda zai sa mu, ya goge benci da hularsa. Baba bai zauna ba. Ya bi kayan da ido ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da yake yi wa takardar talla. A can sama, a kusurwa, akwai wani kan keke da aka lulluɓe da farin ƙyalle, ƙyallen ya fi komai na shagon tsabta.

"Wancan na waye?"

"Ajiya ce, Malam."

"Na ji. Ta waye?"

Da ƙyar maganar ta fito. Ya ce wata mata ce ta kawo, shekara goma sha ɗaya ke nan, lokacin bai daɗe da buɗe shago ba. Ta ce sunanta Khadija, daga wajen Malali take, za ta dawo ran Asabar. Ba ta bar lamba ba, shi ma bai tambaya ba. Ya gyara tun ran Laraba. Ba ta dawo ba. Ya je Malali yana tambayar Khadija mai ɗinki, aka nuna masa Khadija shida, babu ita a ciki. Sau biyu ya canja shago, duk inda ya tashi sai ya bar saƙo wurin maƙwabta ko za ta zo. Mai niƙan da ya leƙo jin muryar Baba ya sa baki, ya ce lokacin kullen korona, da aka yi watanni babu aiki, wani tela ya nace zai sayi kan keken nan, Tanko ya ce masa na mutane ne.

"Keke idan ya daɗe a ajiye ai cijewa yake," in ji Baba. "Sauko da shi."

Tanko ya sauko da shi, ya ɗora a kan ƙafa, ya sa bel, ya taka. Keken ya tafi sumul, ba ƙara ba gargada. Amma ba wannan ne ya tsayar da mu ba. A ƙarƙashin allurar akwai wani dogon ƙyalle a naɗe kamar rawani, an ɗinka guntaye an haɗa. Baba ya ce mene ne wannan. Tanko ya ce ba komai ba ne, duk Juma'ar farkon wata yana zuba wa keken mai, ya ja layin ɗinki guda don kada ya cije, ya rubuta kwanan wata a gefe don kada ya manta ko ya yi.

Baba ya ce in riƙe baki ɗaya. Muka warware ƙyallen, ya fita daga shagon har bakin kwata. Layi bayan layi, zare fari, baƙi, ja, duk wanda ya samu. Rubutun farko-farko ya koɗe har da ƙyar ake karantawa, biron ma kala-kala. Tsohon ya sa tabarau ya bi su da yatsa tun daga farko, bai tsallake ko ɗaya ba, masu wucewa suna tsayawa kallonmu. Can wajen tsakiya yatsan ya tsaya.

"Nan babu wata biyu."

Na dubi Tanko.

"Ina asibiti, Malam. An yi mini aiki a ciki." Tanko ya matso ya nuna. "Da na fito na ja uku a rana ɗaya. Ga su nan, ban sa musu kwanan ƙarya ba."

Haka ne kuwa. Layi uku a manne, kwanan wata ɗaya. Baba ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya tambaye shi me ya sa bai faɗi wannan ba tun ranar farko.

"Ai ba talla ba ce, Malam," in ji Tanko. "Kayan mutane ne."

Muka naɗe ƙyallen, muka hau Napep muka koma Badarawa.

Ran Talata ya zo da takarda a hannu, da rubutunsa. Tun da ya fara aiki da mu bai taɓa rubuta talla ba, sai dai ya soke na wasu. Na karanta, na ga ta zarce lokacin da aka ware, na kuma ga ba abin da Tanko ya rubuto ba ne. Na kira Tanko in karanta masa, ya ce kada in karanta, ya fi so ya ji tare da kowa. Manaja ya fara ƙorafin tsawo, na ce masa zan rage daga ta mai katifa, ai katifar ba za ta lotsa don wannan ba. A ɗakin ɗaukar murya Baba ya ce da Bala kada ya yanke masa gyaran murya a wannan karon. Sau ɗaya ya karanta, bai yi tuntuɓe ba. Da ya fito ya zauna a kan kujerata, ya ce in ba shi ruwa.

"Shekara talatin da ɗaya ina cewa na yi, na gani, na samu," ya ce. "Yau ne na fara faɗa ina nufin ni."

Na sa tallar ta fara fita ran Litinin da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a hutun farko na wata shari'ar fili. Shagon Tanko babu talabijin, saboda haka a shagon Hasana zai gani. Na roƙi Baba mu je tare, ya ce tafinta ba ya bin mutum gida ya ga yadda magana ta same shi. Ni kuwa ba tafinta ba ce, na hau Napep.

Na tarar da Tanko a tsugune yana kwance wani keke da ke tsallake zare, wai don kada ya zauna haka nan. Hasana ta ƙure sautin talabijin. Ana ta jayayya a kan iyakar gona, shaida na uku yana rantsuwa da wata bishiyar mangwaro, sai mai gabatarwa ya ce za a je hutu. Hasana ta daka tsawa, duk kekunan suka tsaya. Hoton shagon Tanko ya fito, da kan keken nan a kan farin ƙyalle.

Aka yi gyaran murya, sau biyu.

Tanko ya miƙe. Sukundireba ta faɗi a kan siminti. Hannuwansa suka koma baya, kansa ya sunkuya. Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

"Khadija, wadda ta kai kan keken ɗinki gyara wurin Tanko a Unguwar Kanawa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ta ce za ta dawo ran Asabar. Kekenki yana nan. An gyara, ana zuba masa mai duk wata, ki zo ki karɓi abinki. Ni ne Sharhabilu tafinta, kuma wannan ba fassarar maganar kowa ba ce. Na je, na ji shaidu, na duba da idona. Tanko, na same ka da riƙon amana."

Tallar mai kwaɗo ta biyo baya, ta ƙare, aka koma kan bishiyar mangwaro. Tanko yana tsaye yadda yake. Hasana, duk bakinta, sai da ta share ido da gefen mayafi kafin ta iya magana.

"Malam Tanko, an gama. Zauna mana."

Bai motsa ba. "Wancan karon," ya ce a hankali, "tsohon nan yana rufe baki gandiroba ya kama hannuna ta nan."

Ya waiga hagu. Ya waiga dama. Babu kowa sai mu da kekuna. Sannan ya zaro hannuwansa daga baya, ya kawo su gabansa, ya tsaya yana kallonsu.